Ginin Haƙorin Jikana

A daren jiya na yi mafarkin an ɗauke ni aiki. Wannan kaɗai ya isa ya sa in gane mafarki nake yi, domin wata tara ke nan rabona da wurin gini, amma mai barci ba ya lura da irin wannan.

Sunana Ilu. Shekara talatin da ɗaya na yi ina ɗora bulo a Funtuwa da ƙauyukanta, kafin hawan jini ya kayar da ni a ƙofar masallaci. Na tashi daga jinya, ƙafa ta dawo, baki ya dawo, hannun dama ne ya ƙi. Yana ɗaguwa, yana motsi, amma ba ya riƙo. In na ɗauki cokalin gini sai ya zame kamar an shafa masa mai. Na mayar da hannun cikin aljihun riga, na daina ba mutane hannu, daga baya na daina fita in ba sallah ba.

'Yata ta uku, Suwaiba, tana karatun likitan haƙori. Tana da aure, kuma laulayin ciki ya sa mijinta ya kawo ta wajen uwarta ta ɗan huta. Jiya bayan la'asar tana zaune a tsakar gida da littafi a cinya da ɓawon lemo a hanci, sai ta ce, "Baba, ka san tun ciki yana wata biyu ake fara ginin haƙori?"

Ba ta ce cikin wa ba, ni ma ban tambaya ba. Na ce, "Su wa ke ginin?"

Ta ce ƙwayoyin halitta ne, 'yan mitsi-mitsi da ido ba ya gani. Kowace tana da wasu abubuwa a jikin fatarta kamar 'yan hannuwa. Wasu na riƙe 'yar'uwa ne, sunansu kadarin. Wasu na riƙe daɓen da suke tsaye a kai ne, sunansu intagirin. Na ce siminti fa? Ta ce babu. Na ce to wannan ba gini ba ne. Ta yi dariya, dariyar ta tayar mata da zuciya, ta ajiye littafin ta nufi bayan ɗaki.

Da wannan na kwanta.

Sai ga ni a bakin tagar wani ofis. Rana tsaka ce, amma hasken ja ne, irin wanda mutum ke gani in ya rufe ido ya fuskanci rana. Ko'ina ruwa ne mai ɗumi, har ya wuce saman kai, kuma ina numfashi a cikinsa lafiya lau. Can nesa ana kaɗa ganga, bugu biyu-biyu, ba a tsayawa.

A bayan tagar wata kaza ce wake-wake, sanye da tabarau, tana rubutu da ƙafa.

"Suna?" in ji ta.

"Ilu."

"Sana'a?"

"Magini ne, a da."

"A da ba sana'a ba ce." Ta rubuta magini. "Hannu nawa ka zo da su?"

"Ɗaya da rabi."

"Ba ma karɓar rabi." Ta rubuta biyu, ta buga hatimi da ƙwai, ƙwan bai fashe ba.

Na tambaye ta sunan garin. Ta ce Muƙamuƙin Ƙasa, unguwar hagu, kuma bakin jikana ne. Ban yi mamaki ba. Abin da na tambaya shi ne bikin wa ake yi da ake ta kiɗa haka.

"Ba biki ba ne, zuciya ce. Mako uku ke nan da kunna ta, kuma ba a kashewa."

"Hajiya, ki yi mini afuwa, yaya aka yi aka ba ki ofishin haƙori, ke da ba ki da ko ɗaya?"

"Shi ya sa aka ba ni. Kafin ni akuya ce. Duk takardun haƙoran gaba na sama ta cinye su, wai ita ba ta ga amfaninsu ba." Ta cire tabaran ta goge da fiffike. "Kakannina suna da haƙora, Malam Ilu. Har yanzu a cikin ƙwai ma'aikatanmu kan fito su jeru su riƙe hannu, su jira a kira su. Ba a kira. Sai su koma gida." Ta mayar da tabaran. "Bi nan, ka makara."

Wurin ginin fili ne mai lanƙwasa kamar lauje. Na duba inda aka jibge yashi, babu. Babu bulo, babu buhun siminti, babu ko igiyar awo. Mutane ne kawai, dubbai, gajeru, masu zagayayyen jiki, sun jeru kafaɗa da kafaɗa a kan wata doguwar tabarma mai sirantaka har ana ganin abin da ke ƙarƙashinta. Kowane yana da hannuwa a kafaɗa, a baya, a kwiɓi, kuma kowane hannu yana cikin hannun wani. A tafin ƙafarsu ma akwai 'yan yatsu da suka damƙe tabarmar.

A ƙarƙashin tabarmar akwai wasu mutanen daban, a warwatse cikin taɓo mai laushi, kowa yana yawonsa.

Wata tsohuwa ta fito daga tsakiyar sahu ba tare da ta saki kowa ba. Sahun ne ya miƙo ta, kamar yadda ake miƙa kwanon ƙasa daga hannu zuwa hannu. Fuskarta duk tamoji. Ta ce sunanta Goggo Ƙulli, ita ce shugabar aiki. Na durƙusa na gaishe ta, na tambayi shekarunta don in san irin girman da zan ba ta.

"Kwana biyu da wuni," ta ce. "Ni ce babba a nan."

"Goggo, ina kayan aikin?"

"Ga su nan suna kallonka."

"Bulon fa?"

"Mu ne bulon. Mu ne maginan. Simintin kuwa ga shi." Ta ɗaga hannunta ɗaya da ke cikin na maƙwabciyarta. "Mu na kan tabarma Mutanen Sama ne. Waɗancan na ƙasa baƙi ne, daga wajen ƙeya suka taso da ƙafa. Su ba su san siffar abin da za a gina ba sai mun faɗa musu. Mu ma ba mu sani ba sai sun faɗa mana."

"To wa ya sani?"

"Rabi yana wurinmu, rabi yana wurinsu."

Na ce ina takardar zanen. Ta ce a garin nan da hannu ake ji. In an matsa maka yatsa ta hagu, magana ce. In tabarma ta ja ƙafarka, magana ce. Wanda ba a riƙe da shi ba kurma ne.

Tana cikin faɗa sai na ga wani ya taso daga sahu can gefe. Ƙafarsa ta saki tabarma, hannuwansa duk a buɗe, yana lilo a cikin ruwan. Ba ihu yake ba. Ya wuce ta gabanmu yana tambaya a hankali, "Don Allah, ni wane ne?" Kafin a ba shi amsa ya dushe, kamar gishiri a miya. Waɗanda ke kusa da gurbinsa suka matso suka haɗa hannu.

"Haka ake yi," in ji Goggo. "Shiga can, wajen lanƙwasa. Akwai gurbin mutum ɗaya."

Na shiga. Na cire takalmi, na ji 'yan yatsu sun tsiro mini a tafin ƙafa sun kama tabarma, abin da daɗi kamar taka yashi mai sanyi. Wata mata da ke haguna ta kama hannuna na hagu ba ta ko dube ni ba. Na dama yana cikin aljihu. Na juya in ga wanda ke damana, sai na ga Nomau.

Nomau abokin aikina ne, tare muka koyi gini wajen maigida ɗaya tun muna samari. A nan shi ma ya zagaye, ya tsiro hannuwa goma sha wani abu, amma hularsa ce a kansa, da tabon da ƙusa ta yi masa a gira.

"Sau uku ina zuwa gidanka," ya ce.

"Barci nake yi."

"Yanzu ma ai barci kake yi, ga shi muna magana."

Ya miƙo hannu. Na ce masa ga gwiwar hannuna, ya riƙe nan.

"Gwiwa ba ta ji. Kawo hannun."

"Ba ya riƙo, Nomau."

"Na sani. Duk Funtuwa an sani. Kawo."

Na fito da shi. Ya yi fari-fari saboda zaman aljihu, yatsun sun ɗan lanƙwashe. Nomau ya saƙa yatsunsa a cikin nawa. Nan take na ji magana ta shigo ta hannun, ba ta kunne ba. Ta zo daga can ƙarshen sahu, ta bi ta jikin mutum dubu, ta ratsa ni, ta fita ta hagu zuwa wajen matar nan. Maganar ita ce: a nutse.

Na ɗaga murya na ce, "Goggo, gini sama yake yi."

"Haƙori ƙasa yake fara yi," ta ce. "Sai ya san zurfinsa yake neman sama."

Tsakiyar sahun ta fara lotsawa cikin taɓo, tabarmar tana bin ta kamar an ɗora dutse a kan zane. Mu da ke wajen lanƙwasa mu ne aikin ya fi ci. Sai ka ɗaga ƙafa ɗaya, ka saki tabarma, ka kama ta gaba kaɗan. Hannu ma haka, ka sassauta, ka zame, ka sake kamawa. Akwai wani ƙato a gabanmu mai ƙarfin damƙa, ya riƙe maƙwabtansa har sun kasa motsi, sahu ya cije a wurinsa. Goggo ta aika masa ta hannu sau biyu. A na uku ta sa aka mayar da shi can sama inda ba a tafiya, ta ce a can riƙonsa zai yi amfani.

Ni kuwa hannuna zamewa yake ta yi. Duk zamewa sai gabana ya faɗi, sai Nomau ya sake kamawa ƙasa kaɗan, sai in ga mun ci taku ɗaya. Na ce masa ya yi haƙuri. Ya ce haƙurin me, ai tafiyar ke nan.

Da lokacin abinci ya yi sai aka yi ruwa. Daga ƙasa ya taso, ɗigo-ɗigo, ya ratsa tabarma ya nufi sama. Kowa ya sunkuyar da kai ya buɗe baki. Na ɗanɗana, na ji lemo.

"Kwana huɗu ke nan lemo kawai 'yarka take aiko mana," in ji Nomau. "In ka koma ka ce ta ɗan taɓa wake."

Muka ci gaba. Yanzu sahunmu ya zama kamar tulu da aka binne, mu muna a gindinsa. Ta cikin tabarma na ga Mutanen Ƙasa sun daina yawo. Suna ta tahowa daga ko'ina, suna taruwa a jikin tulun ta waje, suna matsuwa, suna tsiro sababbin hannuwa suna kama juna, har ba masaka tsinke. Wani daga cikinsu ya kama tabarmar daidai ƙarƙashin ƙafata, ya ja sau biyu.

"Me yake cewa?" na tambayi Nomau.

"Yana cewa kuna nan?"

"Me zan ce?"

"Ka ce muna nan, ku fa?"

Na ja da yatsun ƙafa. Ya sake ja. Haka muka yi ta yi, kuma a cikin wannan 'yar gaisuwa na fara jin inda bango zai yi kauri da inda zai yi siriri, ba tare da kowa ya faɗa ba. Shekara talatin da ɗaya ina aiki da igiya da ma'auni, ban taɓa ganin kwana ta fita daidai irin wannan ba. Na so a ce maigidanmu yana da rai ya gani.

A nan ne abin ya faru. Nomau ya ɗaga ƙafafunsa zai yi babban taku, domin shi ne a daidai tsinin tulun. A daidai lokacin na damansa ya shiga rabuwa biyu. Haka suke haihuwa a garin: mutum ya kumbura, ya sassauta riƙo, ya tsage ya zama mutum biyu, su gaisa su kama aiki. Na bayansa ma sun yi nisa da shi. Sai ya zamana nauyin Nomau gaba ɗaya yana kan hannuna na dama.

Na ji yatsunsa suna fita ɗaya bayan ɗaya. Na umarci hannun ya rufe, da duk ƙarfin da nake da shi, har wuyana ya ɗaure. Bai rufe ba. Nomau ya tashi sama kamar taku ɗaya daga inda nake, hularsa ta karkace.

Ya dube ni da ladabi, irin kallon da ake yi wa baƙo a tasha. "Malam, sannu. Ko ka san ni?"

Gefen kunnensa ya fara dushewa.

Na yi niyyar sakin matar da ke haguna in cafke shi da hannun kirki. Ta matse ni gam, maganar Goggo ta iso ta hannunta: kada ka saki, in ka saki sahu zai yage har sama. Sai wata maganar ta biyo baya: ba a ce ka damƙe ba, miƙawa aka ce. A garin nan hannu ɗaya ba ya riƙo, sai biyu sun haɗu.

Na miƙa hannun, a buɗe, kowa yana gani. Bai kai ba sai kan yatsa ɗaya da ya taɓa nasa.

"Sunanka Nomau," na ce. "Gidanka yana bayan makarantar boko, akwai bishiyar darbejiya a ƙofa. Kai ne ba ka shan shayi da madara. Mu biyu muka gina masallacin ƙauyen nan da babu hanyar mota, muka ɗauko bulo a kan jakuna. Ranar da katako ya karye da ni a bene na biyu, kai ka riƙe ni ta wuyan riga har aka kawo tsani, rigar ta yage, matata ta ce kai za ka ɗinke."

"Na ɗinke?" ya tambaya.

"Ba ka ɗinke ba."

Ya dubi hannuna. Sai yatsansa ya lanƙwasa a kan nawa. Na biyu ya biyo. Nawa ba su rufe ba, amma sun tsaya a inda suke, nasa suka shiga tsakaninsu suka sarƙe, kamar haƙoran zik. Na ja a hankali, ba da hannu ba, da kafaɗa da baya. Ƙafarsa ta taɓa tabarma ta kama. Mutum biyun da suka fito daga maƙwabcinsa suka riƙe shi ta dama. Kunnensa ya dawo.

Ya gyara hula. "Ilu," ya ce, "ai rigar nan dama ta tsufa."

Aka ci gaba da aiki. Ba wanda ya yi mini sannu, ba wanda ya yi mini faɗa.

Can sai ga wani ƙadangare mai jan kai ya zo da jaka a hammata, ya ce shi ne mai duba gine-gine. Nan da nan aka ja wani labule na nama aka rufe wurin gaba ɗaya. Goggo ta yi masa magana ta bayan labule, ta ce doka ta hana ƙadangare ganin gurbin haƙori. Ya ce ya sani, shi ma aikinsa ke nan, ya zo a hana shi. Ya gyaɗa kai sau uku ya tafi.

Yanzu gindin tulun ya fara lotsawa ciki, gefunansa suna zarcewa ƙasa, har ya zama kamar hula da aka kifa a kan taron Mutanen Ƙasa. Goggo Ƙulli tana zaune a tsakiyar hular ta ciki, ita da 'yan tsirarun tsofaffi irinta. Su ba sa rabuwa biyu, ba sa tafiya. Aika kawai suke yi: ku nan ku yawaita, ku can ku dakata. Inda aka yawaita ya gangara, inda aka dakata ya zama tudu.

Na aika mata tambaya ta hannu, wane irin haƙori ne wannan.

"Turmi," ta ce. "Na farko a hagu."

"Yaushe zai fito?"

"Sai yaron ya shekara da 'yan watanni a duniya. Zai yi kuka, zai yi zazzaɓi, uwarsa ba za ta yi barci ba."

"Sannan ya zauna har tsufa?"

"A'a. Na nono ne. In ya kai shekara goma zai yi girgiɗi ya faɗi, a jefa shi kan rufin ɗaki. Akwai na bayansa, an riga an ware musu fili."

Na dubi dubban mutanen nan da ke riƙe da juna, babu mai hamma, babu mai neman inuwa. Na ce da Nomau, duk wannan saboda abin da za a jefar?

"Shekara tara zai yi yana tauna gyaɗa da rake da shi," ya ce. "Kaɗan ne?"

"Ku za ku gani?"

"Ina. Mu Mutanen Sama, in an gama siffa, za mu jeru mu zuba farin nan mai ƙarfi da ke rufe haƙori, muna zubawa muna ja da baya. Ranar da ya huda dasashi mun ƙare. Na ƙasa su ne za su zauna a ciki su yi gadi." Ya ɗan matsa hannuna. "Kai gidajen da ka gina, a nawa ka taɓa kwana?"

Na yi lissafi. A ɗaya ne, shi ma ruwa ne ya tsare mu.

Sai saƙo ya zo daga tsakiya, a hankali, ba irin na aiki ba. Goggo ce take sallama. Ta ce tudun farko ya tsaya, sauran tuddan wasu ne za su zo su nuna wurinsu, nata ya ƙare. Na leƙa ta saman kawuna na hango ta. Tana sakin hannuwanta ɗaya-ɗaya. Kafin ta saki kowane, sai ta ɗauki hannun wanda take riƙe da shi ta sa a cikin na wani, ta tabbata sun sarƙe, sannan ta zare nata. Ta yi haka har sau goma sha huɗu, ba gaggawa. Da ya rage saura ƙafa, ta dubi inda nake.

"Magini," ta ce, da baki wannan karon, "yaya ka ga aikin?"

Na nemi abin da zan gyara, domin al'adarmu ce in an nuna maka ginin wani ka sami abin faɗa. Na duba kwana, na duba kauri, na duba gangara.

"Goggo, ban ga inda zan sa hannu ba."

"Ai ka sa," ta ce. Ta saki tabarma. Ba ta tambayi kowa ko ita wace ce ba. Ta dushe tana gyara ɗaurin ɗankwalinta, kuma wurin da ta bari bai nuna gurbi ba ko kaɗan.

Ina tsaye ina kallon wurin sai ƙasa ta motsa. Garin gaba ɗaya ya karkata gaba, ruwan ya yi tambal-tambal, gangar can nesa ta ƙara sauri. Na ƙanƙame tabarma da ƙafa. Babu wanda ya firgita sai ni.

"Uwar gida ce," in ji matar da ke haguna, karo na farko da ta yi magana. "Kullum da safe haka take yi. Riƙe dai."

Kazar nan ta iso tana iyo da fiffike ɗaya, takarda a baki. Ta ce lokacina ya cika, wanda zai karɓe ni ya riga ya rabu biyu yana jira. Na ce a bar ni in ga an fara zuba farin. Ta ce wannan sai nan da makonni, kuma ana nemana a waje. Matar hagu ta sake ni. Na juya wajen Nomau, na ce to sai ka sake ni.

"Na sake ka tun ɗazu," ya ce. "Kai ne ka riƙe."

Na duba. Yatsunsa a miƙe suke. Nawa ne a lanƙwashe a kan nasa, ba da ƙarfi ba, amma a lanƙwashe. Garin ya sake karkata, wani abu mai ƙara ya faɗi can sama da mu, ya yi ta gangarawa yana ƙararrawa.

Bokitin ƙarfe ne ya faɗi a tsakar gida. Na buɗe ido, gari ya waye, hasken safe yana shigowa ta ƙasan ƙofa. Hannuna na dama yana kan katifa, a buɗe, kamar kullum. Na gwada dunƙule shi, ya tsaya a rabi.

Na ji Suwaiba a bakin rariya tana kakari, uwarta kuma ta shiga maƙwabta ɗebo wuta. Na fito. Tana durƙushe, bokitin yana kife a gefe, tana laluben buta ba ta kai gare ta ba. Na sunkuya na saƙala yatsun dama a hannun butar na ɗaga. Tana rawa, ruwa yana zuba a ƙafata, kafin in kai mata kusan rabi ya tafi.

Ta ɗago ta dubi butar, ta dubi hannun. Ba ta karɓe ba. Ta ɗora nata hannun a kan nawa, ta karkata butar da mu duka, ta kurkure baki.

"Sannu," na ce. "In kin ji dama-dama, ki ce uwarki ta dafa miki wake."

"Wake kuma, Baba?"

"Ko kaɗan ne. Ni zan leƙa wajen Nomau in dawo."